Wa Ya Datse Kuɗin Ƙaisar?

A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗin Rumawa akwai wata 'yar ƙwandalar azurfa da suke kira silikwa, wadda aka yi ta bugawa daga tsakiyar ƙarni na huɗu zuwa farkon ƙarni na biyar na Miladiyya. Siririya ce, nauyinta giram biyu ne da ɗan ɗoriya idan tana nan yadda ta fito daga maƙera. Iri biyu ake samu a hannun dillalai. Akwai lafiyayya, mai kan Ƙaisar a tsakiya, sunansa da laƙabinsa sun zagaye shi, a bayanta kuma daga can ƙasa ga haruffan garin da aka buga ta. Akwai kuma wadda wani ya bi bakinta da almakashi ya kewaye, ya cinye sunan, ya cinye haruffan garin, ya bar kan sarki shi kaɗai a kan guntuwar azurfar da faɗinta bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Ta farkon ake rububi a wurin gwanjo. Ta biyun araha gare ta, da ita sabon shiga ke fara koyon hannu kafin aljihunsa ya yi nauyi.

Sai dai duk dillalin da ya san sana'arsa, da ya ga datsattsiya zai ce maka daga ƙasar Birtaniya aka tono ta, kuma da wuya ya yi kuskure. Daular Rum ta shimfiɗu daga Masar da Sham har bakin Tekun Atlantika, silikwa ta shiga lardunanta da yawa, amma datsattsun a tsibiri guda suka yi dandazo. A Faransa da Italiya sai jefi-jefi. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya yi wannan aika-aika, kuma yaushe? Me ya sa mutumin da bai ji nauyin cinye sunan sarki ba ya tsaya cak da ya zo kan fuskarsa?

Masana sun daɗe suna muhawara a kai da 'yan hujjojin da ba su taka kara sun karya ba, har ranar 16 ga Nuwamba 1992. A ranar, wani manomi a ƙauyen Hoxne da ke gundumar Suffolk a gabashin Ingila ya ɓatar da gudumarsa a gona, ya kira abokinsa Eric Lawes, wani dattijo ɗan fansho mai na'urar gano ƙarfe a ƙasa, ya zo ya taya shi nema. Na'urar ta yi ƙara, Lawes ya kafta ƙasa, sai ga cokulan azurfa da sarƙoƙin zinare da sulalla ba adadi. Abin da ya yi bayan nan shi ya sa yau ake da abin bincike: ya ɗebi na sama-sama, ya dakata, shi da manomin suka sanar da 'yan sanda da hukumar gundumar, wadda ita ce mai gonar. Washegari masu haƙar kayan tarihi suka zo suka ɗauke sauran, wasu kayan ma tare da dunƙulen ƙasar da ke riƙe da su, aka kai Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan aka warware su a tsanake. A 1993 aka yi wa dukiyar kuɗi fam miliyan 1.75, aka biya Lawes, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta, tana gidan tarihin tare da sauran kaya.

Da aka gama ƙirga, sulalla 14,865 aka samu. Na zinare, waɗanda ake kira solidus, 569 ne. Manyan na azurfa 60, na tagulla 24, sai silikwa 14,212. Ba a taɓa samun silikwa masu yawan haka wuri guda ba a ko'ina a tsohuwar daular. Ban da kuɗi akwai wasu kaya kusan 200: mundayen zinare 19, sarƙoƙin wuya shida, zobba uku da aka ƙwaƙule duwatsunsu, wata doguwar sarƙa da mace ke ratayawa ta kafaɗu ta gitta ƙirji da baya, cokula manya da ƙanana 98, tsinkayen sakace na azurfa, da gwangwanayen barbaɗa yaji guda huɗu, ɗaya an ƙera shi da surar wata hamshaƙiyar mata. Zinaren ya kai kilo uku da rabi, azurfar ta kusa kilo 24. Duka an shirya su ne cikin akwatin katako mai tsawon santimita 60 ko kusa da haka, a cikinsa akwai ƙananan akwatuna da 'yan kwaɗuna na azurfa, wasu kayan an naɗe su da ƙyalle, kwanuka kuma an jera su ɗaya cikin ɗaya da busasshiyar ciyawa a tsakani don kada su goge juna. A riƙe wannan batu na ciyawa. Wanda maƙiya suka biyo a guje ba shi da lokacin saka ciyawa tsakanin kwanuka.

Na zinaren suna nan lafiya lau da cikakken nauyinsu, babu wanda ya taɓa su. Silikwa kuwa kusan dukkansu an datse su.

Abu na farko da mai bincike ke nema a binnanniyar dukiya shi ne ƙwandala mafi sabunta, domin ba a binne kuɗi kafin a buga shi. A Hoxne, cikin dubban nan, guda biyu ne suka yanke magana: silikwa biyu na Konstantin na Uku, wani soja da rundunar Rum ta Birtaniya ta naɗa sarki a shekarar 407, ya kwashi sojojin ya haye da su ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau, neman gadon mulki. Yadda ake gane shekarar kuɗinsa abin sha'awa ne, kuma masu tarawa suna son ba da labarinsa. A bayan ƙwandala akan taƙaita laƙabin sarauta da haruffan AVG, sai a ƙara harafin G gwargwadon yawan sarakunan da ke kan mulki a lokacin. Kuɗin farko na Konstantin G huɗu gare su, domin ya lissafa kansa tare da Honoriyus na yamma, da Arkadiyus na gabas, da ɗan Arkadiyus, Tiyodosiyus na Biyu, ko da yake babu wanda ya gayyace shi cikinsu. Arkadiyus ya mutu a watan Mayu 408, G ɗaya ya faɗi. Biyun Hoxne na tsakanin 407 da 408 ne. Ke nan akwatin bai shiga ƙasa kafin 407 ba.

Nan ne da yawa suka yi gaggawar rufe littafi. Shekarun sun yi daidai da labarin da kowane ɗan makaranta a Ingila ya sani. A ƙarshen 406 ƙabilun Bandal da Alan da Suwebi suka ƙetare kogin Rhine suka afka Gaul. A 407 sojoji suka bar Birtaniya. Marubucin tarihi Zosimus ya ce wajen 409 mutanen tsibirin suka kori jami'an Rum suka kama gabansu, ya kuma ambaci wata wasiƙar Honoriyus ta 410 mai cewa birane su tsare kansu, wadda wasu masana ke ganin mutanen Bruttium na kudancin Italiya aka rubuta wa, mai kwafe littafi ne ya rikita sunan. A watan Agusta na 410 wani shugaban mayaƙa mai suna Alarik ya shiga birnin Rum ya washe shi. Sai aka ce ai shi ke nan: masu kuɗi sun firgita, sun binne dukiya, sun gudu ko an kashe su. Akwai ma wani kundin tarihin Turawan Ingila na dā da ya ce a shekarar 418 Rumawa sun tattara zinaren Birtaniya, suka ɓoye wani a ƙasa, suka tafi Gaul da wani. To amma a ƙarshen ƙarni na tara aka haɗa kundin nan, shekara ɗari huɗu da ɗoriya bayan abin ya faru, kuma ya fi kama da bayanin mutanen da ke yawan cin karo da tukwanen kuɗi a gonakinsu suna neman dalili.

Matsalar ita ce ƙwandala mafi sabunta tana faɗin lokacin da kuɗi suka daina shigowa ne kawai, ba lokacin da aka daina amfani da su ba. Don a gane bambancin sai an san dalilin da ya sa Rum ke buga zinare da azurfa tun farko. Ba don 'yan kasuwa take yi ba. Don biyan soja da ma'aikaci take yi, sannan ta dawo da kuɗin baitulmali ta hanyar haraji. Konstantin Babba ne ya kafa solidus a farkon ƙarni na huɗu, guda 72 a laba ɗaya ta Rum, wato kowanne giram huɗu da rabi. Sabon sarki idan ya hau yakan ba kowane soja solidus biyar da laba guda ta azurfa, kamar yadda Juliyan ya yi a shekarar 360. Daga wajen 367 Balentiniyan na Ɗaya ya sa a riƙa narkar da kuɗin haraji ana tace su kafin su isa baitulmali, saboda masu karɓar haraji suna cusa na jabu, shi ya sa daga lokacin ake ganin OB a jikin zinare da PS a jikin azurfa, shaidar an tace. Mai tarawa da ya ga TRPS ya san azurfar birnin Trier ce, MDPS ta Milan, RMPS ta Rum. Kuma maƙerar zinare da azurfa takan bi fadar sarki ne duk inda ta koma.

Birtaniya ba ta da maƙerar kanta mai aiki. Ta Landan an rufe ta wajen 325, in ban da ɗan abin da ake jin an buga a can zamanin ɗan tawaye Magnus Maksimus a shekarun 380. Duk silikwar da ke tsibirin ta jirgin ruwa ta shigo, cikin jakar albashi. Kuɗin Hoxne sun fito daga garuruwa 14, daga Trier da Lyon da Arles har Antakiya da Kustantiniyya, amma Trier da Milan ne suka fi yawa a azurfar. Bugu na ƙarshe da ya shigo da yawa shi ne na Milan na tsakanin 395 da 402, da sunan Arkadiyus da Honoriyus. A 402 fada ta koma Ravenna. Bayan nan sai ɗigo-ɗigo, da Konstantin na Uku ya faɗi aka kashe shi a 411 kuma ɗigon ya ƙafe. Saboda haka wanda ya binne jakarsa a 410 da wanda ya binne tasa a 440 ƙwandalarsu ta ƙarshe iri ɗaya za ta kasance. Shekara talatin na iya ɓuya a bayan lamba guda.

Datsewar ce kaɗai agogon da ya rage, shi ya sa aka damu da ita haka.

Bayani mafi sauƙi shi ne sata. Mutum ya gutsuri kaɗan a bakin kowace ƙwandala, ya kashe ta a cikakken farashi, ya tara ɓarɓashin. Tsohuwar sana'a ce. Ita ta addabi Ingila har aka sake buga kuɗin ƙasar gaba ɗaya a 1696, shekarar da Isaac Newton ya kama aiki a gidan buga kuɗi na sarauta, kuma saboda ita ne aka ƙirƙiro zanen nan na tsaga-tsaga a bakin sulalla. Rumawa ma sun san ta: kundin dokokin da aka haɗa a 438 yana ɗauke da dokar ƙarni na huɗu mai yanke hukuncin kisa ga wanda ya rage bakin solidus. Sai dai ɓarawo ɓoye aikinsa yake so. Wanda ya cire dukkan rubutun da ke zagaye da kan sarki, har ƙwandala ta rasa sulusi ko rabin nauyinta, ba ya ɓoye wa kowa komai. Kuma idan kusan kowace silikwa a jaka mai dubu goma sha huɗu datsattsiya ce, to mai bayarwa ya sani, mai karɓa ya sani, mai hukunci ma in akwai shi ya sani. Abin da kowa ke yi a bainar jama'a ya tashi daga sata ya zama al'ada.

Bayani na biyu shi ne an rage su ne don su yi daidai da wani sabon ma'auni, misali ƙananan kuɗin azurfa marasa nauyi da aka riƙa bugawa a nahiyar Turai daga baya. Wannan magana tana da kyan ji, amma Hoxne ta karya ta. Peter Guest, wanda ya yi nazarin sulallan ya fitar da littafi a kansu a 2005, ya kasa silikwan gida-gida gwargwadon yadda almakashi ya ci su, aka auna su. Da wani nauyi ake nema, da an ga yawancinsu sun taru a kansa. Ba su taru ba. Wasu an ɗan shafi bakinsu ne kawai, wasu an ci rabin haruffa, wasu an kai har gashin kan sarki. Abin da ya tsayar da almakashi ba sikeli ba ne, hoton ne.

Game da lokacin farawa, tun 1984 wani masani mai suna Andrew Burnett ya danganta abin da zamanin Konstantin na Uku, kuma wata dukiyar da aka tono a Stanchester ta gundumar Wiltshire a shekarar 2000 ta ƙarfafa cewa bai yi nisa da gaskiya ba. Silikwa fiye da dubu ne a cikinta, ƙwandalarta ta ƙarshe ta wajen 406 ce, kuma ba a datse su ba. Ashe har zuwa lokacin mutum na iya tara jaka guda ta lafiyayyun kuɗi a kudancin Birtaniya. Datsewa mai tsanani bayan nan ta zo. Inda ake sa-in-sa shi ne tsawonta. Masu cewa aikin 'yan shekaru ne suna ganin hannun wata hukuma da ke neman azurfa ido rufe don biyan soja. Masu cewa ta ɗauki shekaru gommai suna nuna bambancin zurfin yankan, suna cewa ƙwandala ɗaya ta sha almakashi sau da yawa a hannu daban-daban, kowa ya ɗan ɗiba ya miƙa gaba.

Ni na fi karkata ga na biyun, kuma dalilina yana cikin wasu sulalla 428 da ke akwatin. Silikwa ne, amma ba daga maƙerar sarki suka fito ba. Kwaikwayo ne da aka buga a gida, da hatimin da wani maƙeri ya sassaƙa yana kallon na ainihi, wani lokaci haruffan a karkace ko a jirkice. Wanda ya ji an ce kwaikwayo zai zaci jabu ne, to 'yan kaɗan ne kawai a cikinsu aka yi wa algus, wato ƙarfe maras daraja a ciki da fatar azurfa a waje. Sauran azurfarsu ta kai ta sarki kyau. Mai buga jabu da azurfa tsantsa ina ribarsa? Babu, sai fa idan abin da ya yi ƙaranci ba azurfa ba ce, ƙwandala ce. Ina kuma ya samo azurfa mai irin wannan tacewar a tsibirin da ba a kawo masa sabuwa? Biri ya yi kama da mutum. Ɓarɓashin da aka datsa daga silikwa goma zai iya fitar da sababbi uku ko huɗu, jaka ta ƙaru a ƙirga ko da ba ta ƙaru a awo ba. Da yawa daga cikin kwaikwayon su ma daga baya almakashin ya bi ta kansu, alamar sun shiga hannun jama'a sun zaga tare da na ainihi, babu mai tsince su yana warewa.

Wannan ne ya bayyana batun fuskar. Da azurfa kawai ake so, narkar da ƙwandalar gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan zaman bin baki da almakashi sau dubu goma sha huɗu. Wanda ya bar kan sarki yana so abin da ya rage ya ci gaba da zama kuɗi, a ƙirga shi ɗaya, biyu, uku, ba a ɗora shi a sikeli ba. Kamar tsohuwar takardar naira ce da ta yage aka liƙe ta: muddin hoto da lamba suna nan, mai shayi zai karɓa. Wasu masana suna ƙarawa da cewa hoton Ƙaisar abu ne mai alfarma a dokar Rum, taɓa shi cin amanar sarauta ne, kuma tsoron nan bai gushe rana ɗaya ba don sojoji sun hau jirgi. Ina ganin duka biyun suna tafiya tare. Mutanen da ake cewa sun kori jami'an Rum ba su buga kuɗi da kan wani sarkinsu ba. Ko da suka sassaƙa hatimi da hannunsu, kan Ƙaisar suka sassaƙa.

Wata hujjar daga masu yawo da na'ura a gonaki ta fito. Tun 1997 Ingila da Wales suke da tsarin da mai tsintuwa zai kai abin da ya samu a rubuta, da inda ya same shi, a mayar masa da kayansa. Kafin wannan tsari, kusan a binnanniyar dukiya kaɗai aka san datsattsun silikwa, har ana iya cewa ajiya ce ta masu hali. Yanzu an rubuta ɗaruruwa da aka tsinta ɗai-ɗai a karkara, nan guda can guda. Abin da ke kulle a akwati ba ya faɗuwa ɗai-ɗai a bakin hanya. Kuɗin da ke fita daga jaka yana komawa shi ke zubewa haka.

A nan ne nake ganin masu tarawa da ke raina datsattsiya sun yi hasarar abin da ya fi daɗi a sana'ar. Lafiyayyar silikwa karanta ta kawai za ka yi, ka buɗe kundin da ake kira RIC, juzu'i na takwas, na tara ko na goma, ka sami lambarta. Datsattsiya sai ka yi mata aikin ɗan sanda. Sarakunan ƙarshen daular ba a zana su da kamanninsu ba, duk fuska ɗaya ce: saurayi maras gemu, da rawanin lu'ulu'u, yana kallon dama. Balens da Giratiyan da Honoriyus kamar an tsaga kara. Juliyan da Yujiniyus ne ke sauƙaƙa wa mutum, don su suna da gemu. Sauran sai a koma bayan ƙwandalar: shin macen da ke wakiltar birnin Rum a kan karaga take zaune ko a kan sulke, me ke hannunta, ƙafarta ta hagu a ina take, gindin wane harafi ne ya tsira a gefe. Gwanaye suna gane hannun masassaƙan Trier daga na Milan ta yadda suke zana ido da igiyar rawani. Wani lokaci a dace da wata lafiyayya da aka buga da hatimi ɗaya, tsagar da ke jikin hatimin ta fito a duka biyun, sai sunan da aka yanke shekara 1,600 da suka wuce ya dawo.

Amma duk wannan gwaninta ba ta iya dawo da abu guda, wato inda ƙwandalar ta kwanta da waɗanda ta kwanta tare da su. A 1781 wasu leburori suka tono akwatin dalma a kusa da garin Eye, tafiyar 'yan kilomita daga Hoxne, da solidus wajen 600 na sarakunan zamani ɗaya, daga Balens zuwa Honoriyus. Aka watsa su hannun masu saye. Yau babu mai iya cewa ko dukiyar gida ɗaya ce aka raba biyu, zinare nan, azurfa can. Da Lawes ya zuba nasa a buhu ya bi dillalai da su ɗai-ɗai, da silikwa biyun nan na Konstantin sun shige aljihun wani a Amurka ko Jamus, da babu wanda ya san an sa ciyawa tsakanin kwanuka. Samuwar Hoxne na cikin abubuwan da suka sa aka sauya tsohuwar dokar tsintuwa ta Ingila da sabuwa a 1996.

Masu dukiyar fa? Sun bar sunaye, ba su bar labari ba. Cokula goma suna ɗauke da sunan Aurelius Ursicinus. Wata munduwa an huda mata rubutun fatan alheri ga wata uwargida Juliane. Akwai alamun Kiristanci a kan cokula da dama. Sarƙar ƙirjin nan an maƙala mata solidus na Giratiyan, wanda aka kashe a 383, kuma ƙaramar mace ce kaɗai za ta iya sa ta, shi ya sa ake jin kayan amarya ce. Gidan yana cin masoron da ake kawowa daga Indiya, kayan da darajarsa ta kai Alarik ya sa laba 3,000 nasa cikin fansar da ya karɓa daga birnin Rum a 408, tare da laba 5,000 ta zinare da 30,000 ta azurfa. Solidus 569 kuwa bai cika laba takwas ba. A Suffolk masu arziki ne na ji da gani, a birnin Rum kuwa, inda wani marubucin zamanin ya ce akwai gidajen da ke samun laba 4,000 ta zinare a shekara, ba za a sa su a lissafi ba. Kuma ba duka kayansu ke nan ba. Gidan da ke da cokula kusan ɗari yana da manyan farantai irin waɗanda aka tono a Mildenhall, a gundumar guda, a farkon shekarun 1940. Ba su cikin akwatin. An zaɓi abin da zai shiga ne, aka shirya shi a natse, da niyyar dawowa. Idan an yarda datsewar ta ɗauki lokaci, to wannan shiri ya faru ne shekaru bayan 408, wataƙila da yawa, kuma wasu masana suna kai shi har wajen 450.

Inda datsattsun suka ƙare ya nuna yadda al'adar ta mutu. A 1919 aka tono azurfa fiye da kilo 20 a dutsen Traprain Law na Sikotland, can bayan iyakar daular: farantai da kofuna na Rum da aka sassare da gatari aka lanƙwasa, a cikinsu ga 'yan silikwa datsattsu. A 1854 an sami irin wannan haɗi kusa da Coleraine a arewacin Ayaland, silikwa wajen 1,500 tare da sandunan azurfa da gutsattsarin kwanuka. A waɗannan wurare sikeli ne ke magana, kan sarki ba ya ƙara wa ƙwandala komai. A kudancin Ingila ma abin ya iso. Dukiyar da aka samu a Patching ta gundumar West Sussex a 1997 tana da sulallan zinare 23, da na azurfa 27, da zobba biyu, da gutsattsarin azurfa 54, kuma ƙwandalarta ta ƙarshe an buga ta ne da sunan Libiyus Seberus, wanda ya hau mulki a 461. Mai wannan ajiya ya haɗa kuɗi da fasassun kaya wuri guda domin a wurinsa duk ƙarfe ne. A kaburburan Angulo-Sakson na ƙarni na biyar da na shida ana samun kuɗin Rum an huda su an rataya a wuya tare da duwatsun ado. Ba a sake buga kuɗi a Ingila ba sai a ƙarni na bakwai, kuma wasu daga cikin na farkon, 'yan ƙananan zinare, maƙeransu sun kwaikwayi kan sarakunan Rum na ƙarni na huɗu ne daga tsofaffin sulallan da suka zo hannunsu.